Farin tsuntsun da ke kamun kifi a kududdufi: balbela ce ko wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu, wajen Ƙofar Na'isa. Tun da ɗari ya shigo nake ganin wani farin tsuntsu shi kaɗai a cikin ruwan kowace safiya. Bakinsa baƙi ne siriri, ƙafafunsa ma baƙaƙe, kuma ban taɓa ganinsa a bayan shanu ko a kan bola ba. Abokaina sun ce balbela ce kawai, ni kuwa ina ganin kamar ba ita ba ce. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, idonka ya fi na abokanka gani. Bisa siffar da ka bayar, wannan ba balbelar da muka saba da ita ba ce, wadda ake yi wa kirari da "ci da motsin wani". 'Yar uwarta ce ta ruwa, wadda masana tsuntsaye ke kira Egretta garzetta, ita kuma ta shanu Bubulcus ibis. Abokan naka ma ba su yi laifi ba, don a bakin yawancin mutanen gari duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela ne. Alhali a ruwayen Kano da kewaye iri huɗu ne farare fat, ga kuma na biyar da ba ya fari sai ya tashi sama. Don kada magana ta cakuɗe, zan riƙa cewa balbelar shanu da balbelar ruwa.

Fari ba ya raba gardama a nan, tunda kowa fari ne. Baki za ka fara dubawa, kuma kada ka tsaya a launinsa, ka lura da tsawo da kauri. Bakin balbelar shanu gajere ne mai kauri, wajen santimita 6, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Gashi ya sauko mata ta ƙarƙashin haɓa ya bi ƙasan baki har kusan rabi, shi ya sa in ka kalle ta ta gefe za ka ga haɓar ta cika, kamar wadda ta ƙunsa goro. Na balbelar ruwa siriri ne miƙaƙƙe kamar basillar dukawa, baƙi, ya kai santimita 8 zuwa 9. Haɓarta a shafe take, kai da baki sun tafi tare ba tudu. In ka samu ta matso, dubi 'yar fatar da ke tsakanin ido da tushen baki: ta balbelar ruwa yawanci toka-toka ce mai ɗan shuɗi, ta balbelar shanu ruwan ɗorawa.

Sai ƙafa, kuma nan ne shaidar da ta fi ƙarfi take. Ƙwaurin balbelar ruwa baƙi ne wuluk, amma yatsunta rawaya ne, kamar ta taka cikin kwaɓin ɗorawa ta fito. A cikin fararen nan huɗu ita kaɗai ke da wannan. Matsalar ita ce yatsun kullum suna cikin ruwa, shi ya sa ka ce ƙafafun duk baƙaƙe ne. Jira za ka yi har ta ɗaga ƙafa tana taku, ko ta tashi sama, lokacin da ƙafafun ke miƙewa su wuce wutsiya, rawayan ya fito fili a ƙarshensu. Kada ka yanke hukunci da tashi ɗaya. Taɓon kududdufan cikin gari baƙi ne mai danƙo, in ta fito daga cikinsa yatsun a lulluɓe suke, sai ta sauka a ruwa mai ɗan haske sun wanke. Ƙananan da ba su shekara ba kuma ƙwaurinsu kore-kore ne, yatsun ba su gama rinuwa ba, bambancin bai fito sosai ba. Ita balbelar shanu, in ba lokacin hayayyafa ba, ƙafarta launi ɗaya ce daga sama har yatsu: rawaya mai duhu, ko toka-toka, wani lokacin ma kusan baƙa.

Girma yana taimakawa, sai dai shi ne ya fi yaudara. Ana auna tsuntsu daga tsinin baki zuwa ƙarshen wutsiya. A haka balbelar shanu tana tsakanin santimita 46 da 56, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori, ta ruwa kuma 55 zuwa 65. Nauyinsu kusan ɗaya ne, kowacce ba ta cika wuce rabin kilo ba, don haka tsawon ta ruwa a wuya da ƙafa ya tafi, jikin siriri ne. Ta shanu gajeriya ce dunƙulalliya, wuya gajere mai kauri, tana tsayuwa da ɗan doro. To amma da sanyin safiyar hunturu balbelar ruwa takan janye wuya ta cusa kai tsakanin kafaɗu, ta buɗa gashi, sai ta koma dunƙulalliya ita ma. Wanda ya dogara da tsayuwa kaɗai a irin wannan safiya zai yi kuskure. Wuya yana ɓuya, baki ba ya ɓuya.

Abin da ya fi daɗin kallo, kuma ake iya gane shi daga nesa ba tare da an ga launin komai ba, shi ne yadda take neman abinci. Ba ta minti biyar. Za ta shiga ruwan da bai wuce mata rabin ƙwauri ba, ta miƙa ƙafa ɗaya gaba, ta riƙa karkaɗa ta cikin taɓo, kai a sunkuye, ido a kan ruwa. Laka ta tashi, ɗan kifi ko talibambam ya firgita ya fito daga maɓoya. Sai ka ga wuyan ya warware kamar an saki danƙo, caf, ta ɗago da shi a tsinin baki. Ba ta haɗiye shi yadda ta kama shi ba. Sai ta juya shi kansa ya fuskanci maƙogwaro, don ƙayar bayan ɗan karfasa ta kwanta maimakon ta soke ta. Wani lokacin kuma sai ta ɓarke da gudu cikin ruwan, fukafukai a ɗan buɗe, ta yi dama ta yi hagu, ta tsaya cak, ta sake zabura, kai ka ce wani abu ne ya harbe ta. Ba ta son wata ta matso mata wurin da ta kama. In wata ta sauka kusa za ka ji wani kuka mai kaushi daga maƙogwaro, ta bi ta da gudu. Shi ya sa kake ganinta ita kaɗai.

Balbelar shanu ba haka take ba. Cikin ayari take kiwo, a busasshiyar ƙasa ko ciyawa, kusa da kofaton saniya ko gefen bakinta, tana tafe kai yana gaba yana baya. In ta hango fara sai ta tsaya, ta riƙa kaɗa wuya gefe da gefe, sannan ta kai sara. Fara, gyare, ƙudaje, gizo-gizo, ƙananan kwaɗi da ƙadangaru su ne abincinta, kifi kaɗan ne a ciki. Mutane kan ce kaska take cirewa shanu. Takan ɗauki ɗaya jefi-jefi, amma wannan sana'ar carki ce, ita motsin saniya take ci, kamar yadda kirarinta ya faɗa. Da yake rayuwarta ba ta rataya ga ruwa ba, ta bazu a duniya sosai: da fukafukanta ta ƙetare tekun Atlantika daga Afirka, aka fara ganinta wajen Suriname a 1877, zuwa 1953 har ta yi sheƙa a Florida ta Amurka.

Kada dai ka ɗauka duk wadda ka gani a bakin ruwa ta ruwa ce. Balbelar shanu tana zuwa shan ruwa, tana bin gefen kududdufi tana tsintar ƙwari, tana kwana a bishiyoyin da ke kusa da ruwa. A gonakin shinkafa na Kura da Kadawa za ka gan ta tsundum cikin ruwa tana bin bayan tarakta. Wuri alama ce mai taimako, amma a haɗa shi da baki da ƙafa.

Akwai tarko guda da ke kama har waɗanda suka daɗe suna kallon tsuntsaye, kuma ya shafi tambayarka kai tsaye: ɗan balbelar shanu da ya bar sheƙa kwanan nan bakinsa baƙi ne, ƙafafunsa ma masu duhu. A ƙasar Hausa da damina suke hayayyafa, su taru da yawa a manyan bishiyoyi, sau da yawa cikin gari. Ƙwai uku ko huɗu ne galibi, masu ɗan shuɗi-shuɗi, kwanci wajen kwana 23, 'ya'yan kuma su fara tashi bayan kamar wata guda. Saboda haka daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka gari yakan cika da fararen tsuntsaye masu baƙin baki waɗanda ba na ruwa ba ne. Yadda za ka raba su: bakin ɗan balbelar shanu gajere ne mai kauri duk da baƙinsa, haɓar a cike, yatsun ba rawaya, kuma za ka gan shi cikin manya yana bin su. Ba ya daɗewa bakin ke fara juyawa rawaya. Tunda kai cikin ɗari ka ga taka, ita kaɗai, tsaye cikin ruwa, da wuya ya zama shi ne.

Lokacin hayayyafa kowacce tana da adonta. Balbelar shanu takan fito da gashi mai launin ja-ja a ka, a ƙirji da gadon baya, kamar an ɗiga mata lalle. Na 'yan kwanaki kafin ta yi ƙwai bakinta da ƙafarta da ƙwayar idonta sukan yi ja. Duk wadda ka gani da wannan lallen, magana ta ƙare, ta shanu ce. Balbelar ruwa ba ta canja launi, fara take zama, sai dai ta fitar da dogayen gashi biyu sirara a ƙeya, wajen santimita 15, da wasu masu laushi a ƙirji da baya. In ba ka ga gashin ƙeyar a taka ba kada ya dame ka, da ɗari yawancinsu ba su da shi. Wasunsu 'yan gida ne a Afirka, wasu kuma baƙi ne daga Turai, sukan ƙetaro Sahara wajen Satumba da Oktoba su koma wajen Maris da Afrilu. Da ido ba za ka raba baƙuwa da 'yar gida ba, amma wannan ne ya sa suke ƙaruwa a lokacin da ka fara lura da taka.

Sauran farare biyun manya ne, kuma su ne suka fi wuyar rabuwa da juna. Babban shi ne farin zalɓe, Ardea alba, mai tsawon santimita 80 zuwa sama da mita guda, daidai da zalɓe mai toka da ka sani. Bakinsa dogo ne rawaya, ya haura santimita 10, ƙafa da yatsu duka baƙaƙe. Wuyansa dogo ne ƙwarai, da wata karaya a tsakiya kamar an lanƙwasa kara. Shi ba ya guje-guje. Tsayawa yake a ruwa mai ɗan zurfi, wuya a miƙe a karkace, ya daɗe bai motsa ba. Lokacin hayayyafa bakinsa yakan koma baƙi, a nan wasu ke ɗaukarsa balbelar ruwa, amma girmansa da baƙaƙen yatsunsa sun isa su tona shi.

Ɗayan kuwa, wanda zan kira na tsakiya, ya fi balbelar ruwa girma kaɗan, bai kai farin zalɓe ba. Bakinsa rawaya ne, matsakaici, kansa a kewaye. In yana shi kaɗai ba wanda za a gwada shi da shi, to tsagar baki ce mafita. Bi layin da ya raba baki na sama da na ƙasa zuwa cikin fuska. A farin zalɓe layin ya wuce ido ya fita ta bayansa. A na tsakiya ya tsaya daidai ƙarƙashin ido. Wannan ba a ganinsa da ido zalla sai an matso sosai, aikin madubin hangen nesa ne ko hoto. Ƙari a kan haka, sashen ƙafarsa da ke saman gaɓa yakan yi rawaya-rawaya, ƙasa kuma baƙi. Gaɓar nan da ke lanƙwasawa baya, wadda muke ce wa gwiwa, a gaskiya idon sawu ce, gwiwar tana can sama cikin gashi.

Na biyar ɗin da na ambata ƙarami ne, santimita 44 zuwa 47, Ardeola ralloides. In yana tsugune a gefen ciyawa ko kan kainuwa, launin ƙasa ne mai zane-zane a wuya, sai ka wuce shi ba ka gan shi ba. Da ya buɗe fukafukai sai ya zama fari tas, ya yi ɗan gajeren tashi, ya sauka ya ɓace. Duk lokacin da farin tsuntsu ya tashi daga inda ka rantse babu komai, ya sauka kuma ka neme shi ka rasa, shi ne.

A sama, duk dangin nan wuya suke naɗewa su janye kai baya, ƙafafu a miƙe. Ƙashi na shida a wuyansu yana da wata ƙira dabam wadda ke ba su damar lanƙwasa shi haka, ita ce kuma ke ba su saurin sara. Shamuwa da gauraka a miƙe suke barin wuya, don haka farin tsuntsun da ya wuce da wuya a miƙe ba ya cikin lissafinmu. Ayarin da kake gani gab da magariba yana ratsa gari, layi bayan layi, da saurin bugun fukafukai da gajerun ƙafafu, kusan duk na shanu ne suna komawa makwanci. Farin zalɓe a hankali yake bugawa, da nauyi, wuyan ya yi masa ƙullutu a ƙasa.

Game da yadda za ka je mata. Ka fita daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar, kuma ka zaɓi gefen da rana za ta kasance a bayanka. In rana tana gabanka, kowane baki baƙi zai zame maka, har na balbelar shanu. Da tsakar rana kuma farin yana ƙyalli ya cinye siffar kai. Ranar da hazo ya yi kauri launuka sukan dushe, rawaya ya koma fari-fari, sai ka fi dogara da ƙirar baki da yadda take farauta. Balbelar ruwa ta fi ta shanu tsoron mutum. Kada ka nufe ta kai tsaye, ka bi ta gefe kamar mai wucewa, ka tsaya jikin katanga ko bishiya tun kana nesa da ita kamar taku talatin ko arba'in. Da ka ga ta daina kiwo ta miƙe wuya tana kallonka, ka kai iyaka, ƙarin taku ɗaya tashi za ta yi. In ta tashin ma ba asara, yatsun za ka kalla.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. In waya ce kawai a hannunka, ka danna kan tsuntsun a allo sannan ka ja hasken ƙasa, in ba haka ba zai fito maka farin dunƙule ba ido ba baki. Bidiyo ya fi hoto amfani: ɗauki daƙiƙa talatin tana taku, ka dawo gida ka tsayar da shi daidai inda ta ɗaga ƙafa.

In kana son ido ya saba da wuri, je ka inda za ka gan su jere, domin gwada ɗaya da ɗaya ya fi kowane kwatance. Kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini da ta ganuwa ne, kullum raguwa suke saboda cikewa da gine-gine, kuma wanda kainuwa ko shara ta rufe bakinsa ba ya riƙe balbelar ruwa, tunda gefe mara zurfi mai ƙananan kifi take buƙata. Lambunan da ke bin rafin Jakara har zuwa dam ɗin Wasai suna da su. Haka gaɓar kogin Challawa wajen Panshekara da Tamburawa, sai dai kusa da matatar ruwa a nemi izini kafin a ɗaga kyamara. Wanda zai iya fita bayan gari, tafkin Bagauda da gonakin Kadawa sun fi. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa da ke Ƙaraye a 1992, ruwa yake zama a waɗannan wurare har cikin rani, tsuntsayen ruwa suka samu wurin zama a lokacin da fadamu ke ƙafewa. Dausayin Haɗeja da Nguru kuwa, wajen Baturiya, nan ne matattararsu.

Wani abin da kan rikita mai kallo a cikin gari shi ne dauɗa. Dangin balbela suna da wani gashi na musamman a ƙirji da kwiɓi wanda ke marmashewa ya zama gari kamar hoda, suna shafa shi a jiki, su taje da farcen yatsan tsakiya mai haƙora kamar matsefi. Da shi suke kawar da yauƙin kifi su zauna fes. Amma hodar ba ta iya wa maiƙo da baƙin mai. Balbelar shanun da ke kiwo a bola ko bayan mayanka takan yi toka-toka ko dabbare-dabbare, har a zaci wani iri ne. Dauɗa ba ta da tsari, gefe ɗaya ya fi ɗaya, alhali launin halitta daidai yake a dama da hagu. In kuwa ka ga mai ƙirar balbelar ruwa sak, har da rawayan yatsu, amma baƙa ce gaba ɗaya, tana kifa fukafukai a kan ruwa kamar lema tana leƙa ƙarƙashi, wannan wani iri ne dabam, Egretta ardesiaca, an fi samunsa a manyan dausayi.

In ka tarar da matattu ko marasa lafiya a bakin ruwa, musamman fiye da ɗaya, kada ka taɓa da hannu, kada yara su ɗauka, kada kuma a kai su kusa da kaji. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006, Kano tana cikin jihohin da ta fara shafa, kuma tsuntsayen ruwa na cikin masu ɗaukarta. Ma'aikatan lafiyar dabbobi ake sanar wa.

Saura guda ɗaya, wadda ba kasafai ake haɗuwa da ita a nan ba. Akwai wata ta gaɓar teku, Egretta gularis, irin ta wajen Legas, yawancinta baƙa-baƙa ce mai farin maƙogwaro, amma akan samu fara a cikinsu, kuma jefi-jefi takan ɓullo a ruwayen cikin ƙasa. Farar tana kama da balbelar ruwa ƙwarai, sai dai bakinta ya fi kauri, bai cika baƙi wuluk ba, rawayan yatsun kuma yakan hauro ƙwauri. In taka ta nuna haka, ka ɗauki kai ta gefe, ka ɗauki ƙafa a wajen ruwa, ka rubuta rana da unguwa, ka tura wa masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke Jos, su ne ke tattara bayanan inda ake ganin kowane tsuntsu a Najeriya.